Zuwa da Kai Ya Fi Aike

Ni katikis ne a wata ikilisiya ta ƙasar Maraɗi, cikin Jamhuriyar Nijar. Ban da aikin da nake yi a cikin gari, akwai ƙauyuka huɗu da Fada ya danƙa mini. Ran Jumma'a da la'asar nakan hau babur in tafi, ba na komowa gida sai Litinin da hantsi. A can nake koya wa masu shirin baftisma, in bi da sujadar Lahadi inda Fada bai sami zuwa ba, in gai da marasa lafiya. Na faɗi wannan tun da fari domin tafiyar nan tawa ce ta jawo abin da zan ba ku labari, ko da yake ni ne na ƙarshe da ya gane haka.

A watan Oktoba na 2023 ɗiyata ta fari ta shiga ajin ƙarshe na kwaleji, wanda ake ce wa turwaziyam. A ƙarshen wannan aji ne yara suke yin jarrabawar BEPC, wadda take buɗe musu ƙofar makarantar gaba. Mako biyu da buɗe makaranta, malaminsu na lissafi ya kira iyaye taro. Saurayi ne mai ladabi, mai son aikinsa. Ya tuna mana shekarar 2020, lokacin da aka rufe makarantun ƙasarmu ran 20 ga Maris saboda cutar korona, ba a buɗe ba sai 1 ga Yuni. Ya ce cikin makonnin nan goma ya zauna gida hannu rabbana, ba shi da hanyar kai wa almajiransa ko tambaya ɗaya, da suka komo kuwa da yawa sun manta abin da suka koya. Tun daga nan ya shiga neman dabara, har ya sami wani abu da ake kira Google Classroom, ya koya wa kansa aiki da shi.

Ga yadda ya bayyana mana. Kamfanin Google na Amurka ne ya fito da abin a 2014 domin makarantu, a 2017 kuma ya buɗe shi ga kowane malami mai adireshin Gmail. Ba a biyan kuɗin shiga, sai dai kuɗin intanet. Malami yakan buɗe aji a cikin waya, a ba shi wata lamba ta haruffa da alƙaluma. Duk yaron da ya buga lambar nan ya shiga ajin ke nan. Malami ya sa aikin gida, ya sa rana da sa'ar da za a kawo. Yaro ya yi aikin a littafinsa, ya ɗauki hoton shafin, ya aika. Malami ya duba, ya ba da maki, ya rubuta gyara, ba wanda zai gani sai shi da yaron. Akwai kuma tambayoyi na zaɓi waɗanda na'urar take ba da makinsu nan take. A wajen malami kuwa akwai jerin sunayen yara duka: wanda ya kawo, wanda ya makara, da wanda bai kawo ba. Shi wanda bai kawo ba, da jan rubutu ake nuna shi.

Malamin ya tambaya ko akwai gidan da babu babbar waya irin ta shafawa. Ba wanda ya ɗaga hannu. Ni ma ban ɗaga ba, gama ina da ita a aljihuna. Yanzu na san akwai waɗanda kunya ce ta hana su, don ba mai so a ga talaucinsa a gaban taro. Muka yi masa godiya, muka watse. Ya shirya cewa kowace Jumma'a da yamma zai sa aiki, a kawo kafin ƙarfe takwas na daren Lahadi.

Da na komo gida na miƙa wa ɗiyata wayar, washegari ta kai wa malamin ya buɗe mata adireshi, ya shigar da ita ajin. Na ji daɗi a raina, na ce na yi abin da uba ya kamata ya yi. Ran Jumma'a na sa wayata a aljihu yadda na saba, na hau babur. A cikinta karatun Lahadi yake, a cikinta saƙonnin Fada suke zuwa, da ita kuma mutanen ƙauye suke nemana idan an yi rashi. Ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba cewa aikin yarinyar yana shigowa aljihuna ina kan hanya, lokacinsa kuma yana cika ina kwance a ƙauye.

Shekarar kuwa ta zo da wata wahala. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba ƙasarmu, ba ta maido ba sai cikin Maris 2024. Wuta takan ɗauke sa'o'i da yawa. In na komo Litinin, sau da dama wayar a mace take, sai a kai ta wurin mai caji ta wuni. Idan ta dawo da dare, baƙi suna zaure, ni kuma ina amsa saƙonnin da suka taru. Yarinyar takan zo ta tsaya bakin ƙofa, in ce mata, "Lafiya?" Ta ce, "Lafiya lau, Baba," ta koma ciki. Mu muka koya mata kada ta katse babba, ta kuwa riƙe tarbiyyar.

Haka aka yi mako bakwai. Wata Talata cikin Disamba, muna shirin Kirsimati, na ji sallama a ƙofar gida. Na fita na tarar da malamin lissafi, ƙura har gwiwa. Bayan mun gaisa an kawo masa ruwa, ya fito da wayarsa ya nuna mini jerin. Na ga sunan ɗiyata, a gabansa jan rubutu sau bakwai a jere.

Ya ɗan'uwa mai karatu, ba zan ɓoye maka ba, fushi ne ya fara zo mini. Na ce a raina, ɗiyar katikis ce za ta kunyata ni haka? Na ɗaga murya na kira ta. Malamin ya ce, "Baba, don Allah ka dakata. Ban zo kawo ƙara ba. Yarinyar nan a cikin aji tana cikin waɗanda suke fara ɗaga hannu. Abin da nake gani a aji da abin da wayar nan take gaya mini ba su yi daidai ba, shi ya sa na ce bari in zo da ƙafata."

Ta zo ta durƙusa. Malamin ya ce ta kawo littafinta. Da ta kawo, sai ga ayyukan nan bakwai duka a ciki, an yi su da tsabta. Ashe kowace Asabar takan tafi gidan wata abokiyarta ta kwafi tambayoyin da hannu, ta komo ta yi. Aikawa ce ta gagara, gama adireshinta yana cikin wayata, wayata kuwa tana ƙauye. Na ce, "Me ya hana ki faɗa mini?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, aikin Allah kake zuwa yi. Na ga bai kamata in ce ka bar wayar saboda ni ba."

Ban sami abin cewa ba. Ni da nake tsayawa gaban iyaye a ƙauyuka huɗu ina gaya musu su lura da ƴaƴansu, ga tawa ta yi mako bakwai tana tsaye bakin ƙofata ban gani ba.

Malamin ma bai wanke kansa ba. Ya ce tun mako na uku ya kamata ya zo, amma jerin ya ruɗe shi. Idan mutum ya ga jan rubutu a gaban suna, yana ji kamar ya riga ya san labarin yaron, sai ya ce malalaci ne, ya wuce. Ya ce a ajinsa na yara hamsin da biyu, sunaye goma sha ɗaya ne suke ja kullum, ya kuwa ƙudura zai taka gidan kowannensu kafin hutu. Gidana ne na shida.

Bayan ya tafi na daɗe a zaure ina tuna malamina na makarantar mishan, inda na yi firamare. Mu allon dutse da alli muka sani, littafi ɗaya kuma mu uku muke haɗa kai a kansa. Wata shekara da kaka na yi kwana tara ban je ba, don mahaifina ba shi da lafiya, ga gero a gona yana jiran yanka. Malamin nan ya hau kekensa ya zo har gona. Bai yi faɗa ba. Ya zauna da kawuna suka shirya yadda za a yi gayya a gama aikin, ni kuma in koma aji. Da ya tsaya ga rajistarsa kaɗai, da ya ja layi a kan sunana, da kuma yau ban iya rubuta muku wannan ba.

Da aka komo hutu a Janairu 2024, malamin lissafi ya sake kiran iyaye, ya gaya mana abin da ya tarar, ba tare da ya ambaci sunan kowa ba. Gida huɗu babu babbar waya sam. Gida uku akwai waya amma tana tafiya kasuwa ko tasha tare da mai gida, kamar tawa. Gida biyu kuɗin intanet ne babu. Wata yarinya mahaifinta ne ya hana ta taɓa waya, don tsoron abin da za ta gani a ciki. Yaro ɗaya tak ne ya ƙi aikin da gangan. Ya kuma gano wani abu a wajen waɗanda ba su taɓa yin ja ba: akwai yara biyar da suke aiko hoton littafi ɗaya.

Bai jefar da Google Classroom ba, ni ma ban so ya jefar ba, gama na ga amfaninsa. Ɗiyata mai kunya ce, abin da ba ta gane ba takan ji nauyin sake tambaya a gaban aji, amma a wurin saƙon nan da ba mai gani sai malam, ta saki jiki tana tambaya. Gyaran da ya yi mata a Janairu yana nan ta koma ta duba a Mayu. Ranar da aka hana shi zuwa makaranta ma, darasin yakan iso. Abin da ya sake shi ne tsarin. Ya mai da ranar kawo aiki Laraba. Ya riƙa rubuta tambayoyin a allo kuma, wanda ba shi da waya ya kawo littafinsa da hannu, makinsu ɗaya da na mai waya. Ya raba yaran ƙungiya-ƙungiya bisa ga unguwa, kowace ƙungiya da waya aƙalla ɗaya. Kowane mako kuma yakan kira yara kaɗan gaban allo su yi abin da suka aiko, don a san mai littafin.

Mu ma a ikilisiya muka ga akwai abin da za mu iya. Muna da farantin hasken rana a ɗakin taro. Na roƙi Fada, ya yarda a buɗe ɗakin kowace Asabar da safe, yaran ajin su zo su yi caji su yi aikinsu, uwargidana da wata dattijuwa suna zaune suna lura. Yawancin masu zuwa ƴaƴan maƙwabtanmu Musulmi ne, iyayensu kuma sun yi murna. Mahaifin yarinyar nan da ya hana ta waya ya zo da kansa ya duba wurin, ya ga da manya a zaune, sa'an nan ya bar ta.

Ni kuwa na sayi ƙaramar waya mai maɓalli ta hannu, ita nake tafiya da ita ƙauye. Babbar tana gida wurin uwar yara. Na koma ɗaukar Littafi Mai Tsarki da littafin addu'a a jaka kamar dā. Ɗiyata ta ci jarrabawarta, mun gode wa Allah. Amma cikin yaran nan goma sha ɗaya akwai ɗaya da malam ya tarar ya riga ya tafi neman kuɗi kafin ya kai gidansu, har yau bai koma makaranta ba. Malamin yakan ce da ya fara zagayen a Nuwamba, wataƙila da ya same shi.

Akwai abu ɗaya da ya rage in faɗa, don ya shafe mu masu aikin ikilisiya. Ni ma ina da rajista. Duk wanda bai zo ajin baftisma ba nakan sa masa alama, wanda alamarsa ta yi yawa in ce ya jira baɗi. A shekarar nan na buɗe rajistar, na ƙirga mutum tara da na yi niyyar ɗagawa, na ga ban taka gidan ko ɗaya daga cikinsu ba. Sau nawa na karanta wa jama'a misalin tunkiyar da ta ɓace a Luka sura 15, amma sai da malamin lissafi ya shigo gidana da ƙura a ƙafa na ga yadda ake yinsa. Na zaga gidajen nan tara kafin Ista. Wata mata mijinta ne yake ciwo, wani tsoho kuma idonsa ne ya raunana, yana jin kunyar a ce ya karanta.

Saboda haka, ƴan'uwana malamai da katikis da iyaye, idan aka kawo muku irin waɗannan na'urori, ku karɓa, ku koya, suna da amfani. Sai dai ranar da kuka ga suna ya yi ja, a waya ne ko a takarda, kada ku yanke hukunci kuna zaune. Ku sa takalmi ku je gidan. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike. Ubangiji ya ba mu idon ganin waɗanda suke tsaye bakin ƙofarmu. Amin.