Mu 'Ya'yan Waɗanda Suka Gina Abuja



Mu da aka haifa a Suleja a ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon na 1980, tare muka girma da Abuja. A watan Fabrairun 1976 ne gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar ɗauke babban birnin ƙasa daga Legas. Garinmu ya ba da ƙasa, ya kuma ba da sunansa da ya gada daga Abu Ja, wanda ya kafa shi a 1828, shi kuma ya koma Suleja daga sunan Sarki Sulaiman Barau. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, garin nan ne ya ba da wurin kwana ga mutanen da suka yi aikin ginin da hannunsu. A ɗakunansu muka tashi.

Lokacin Abuja daji ce da duwatsu. Hatta hukumar raya sabon birnin a nan Suleja ta fara zama, shi ya sa har yau muke da wurin da ake kira Field Base. Iyayenmu kuwa birkiloli ne, kafintoci, leburori, masu fasa dutse, direbobin tifa da masu gadi. Wasu 'yan asalin gari ne, wasu sun zo daga Kano, Katsina, Sakkwato, Bida, wasu daga kudu. Ana sallame sallar asuba za ka ji ƙugin manyan motocin kamfani a bakin titi. Su hau a tsaitsaye, kowa riƙe da langar abincinsa, su wuce ta gindin Dutsen Zuma su nufi wurin aiki. Ba ma sake ganinsu sai bayan magariba, jiki duk ƙura, tafin hannu ya tsage saboda siminti. Da yawanmu mun fi sanin ƙanshin siminti a rigar Baba fiye da hirarsa, domin yana cin tuwo sai barci.

Gidajenmu na haya ne, ɗakuna a jere suna kallon juna, rijiya ɗaya, makewayi ɗaya, kowace mata da murhunta a tsakar gida. A gida ɗaya sai ka tarar da Bahaushe, Banufe, Bagwari, Bayarabe da Ibo. Kafin mu shiga firamare mun iya gaisuwa da harshe uku ko huɗu. Matar da ke ɗakin ƙarshe Iya ce, ta kusa da rijiya Mama, mai gidanta Baba, kuma ba wanda ya taɓa tambayarmu dangantakar. In Iya ta kama ka kana rashin ji, ta zane ka, in ka kai ƙara gida a ƙara maka. Haka kuma in ta sauke tukunya kana tsaye, sai ka ci. Ranar Sallah kwanonin tuwo da nama su zaga kowane ɗaki, ranar Kirsimeti shinkafa ta dawo a cikin waɗannan kwanonin.

Ba mu san muna cikin talauci ba sai da muka girma. Mun dai san akwai littafi a shagon mai tireda, inda ake rubuta gari, sukari, sabulu da kananzir har zuwa ƙarshen wata. Mun san ranar albashi, domin ranar ce miya ke da nama. Bayan 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu ya zo, kaya suka yi tsada, iyayenmu mata ne suka riƙe gida da adashe da sana'ar ƙosai, dafa-duka, ƙuli-ƙuli da gyaɗa. Mu ne 'yan talla. Da safe boko, da rana tire a ka zuwa tasha, da yamma makarantar allo.

Duk da haka mun yi wasa har mun more. Mun yi langa, mun yi ɓuya, mun gara taya, mun ƙera motar kara da ta gwangwani, 'yan mata suna carafke da gaɗa a dandali. Ƙwallonmu ta tsumma ce, fili kuwa ko'ina akwai. Da azumi mu fita tashe gida-gida. Ranar da ba makaranta sai rafin Iku, a ce wanki aka aike mu, mu ɓige da wanka da kamun kifi, mu dawo ido jawur. A hanya mu gamu da matan Gwari ɗauke da itace da doya a kafaɗa za su kasuwa. Talabijin ɗaya ce a layinmu, marar kala. Ranar wasan Samanja sai mai gidan ya fito da ita waje ya ɗora a kan tebur, mu zauna a ƙasa kamar ɗalibai, ba mai tari.

Ranar 12 ga Disamba 1991 gwamnati ta tare a Abuja. Daga nan unguwanninmu suka fara canzawa. Ma'aikatan da hayar Abuja ta fi ƙarfinsu suka dawo Suleja, Madalla da Gauraka. Rusau ɗin da aka yi a Abuja a shekarun 2000 ya ƙaro wasu. Kuɗin haya ya tashi, filayen ƙwallonmu suka zama gidaje da shaguna, aka yi gini har a hanyar ruwa, kuma ambaliyar 2017 ta nuna mana sakamakon haka da asarar rayuka. Yanzu sai ka shekara da maƙwabci ba ka san sunan ɗansa ba.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne halin da waɗancan iyaye suke ciki. Mafi yawansu aikin yini suka yi, ba takardar ɗauka, ba fansho, ba giratuti. Da ƙarfi ya ƙare, aiki ya ƙare. Wasu sun koma ƙauyukansu, wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu suna nan a ɗakin hayar da muka san su, ga ciwon baya, ga ido ya yi rauni. Mutumin da ya zuba kankare a titunan Garki da Wuse, yau kuɗin motar zuwa can ma sai ya yi lissafi. Dutsen Zuma yana jikin naira 100, Ladi Kwali tana jikin naira 20, su kuwa ko a bango ba a rubuta sunansu ba.

Hausawa na cewa yaba kyauta tukuici. Yau cikinmu akwai malamai, 'yan kasuwa, ma'aikatan jinya, makanikai da ma'aikatan gwamnati, kuma babu wanda bai ci tuwon wata Iya ba, babu wanda wani Baba bai taɓa biya masa kuɗin littafi ko ya raka shi asibiti ba. Kowa ya san layin da ya tashi. Mu koma mu duba wa ya rage. Mu gaishe su, mu biya hayar wata ɗaya in da hali, mu sayi maganin da likita ya rubuta. Mu tafi da 'ya'yanmu su zauna su ji daga bakinsu yadda aka sare daji aka yi birni, tun masu labarin suna raye.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba na raye lafiya, Ya zaunar mana da Suleja lafiya. Amin.