Ashe infoma a aljihuna yake kwana

Wallahi har yanzu jikina bai daina rawa ba. Batirin wayata ne ya dame ni, in cika shi da magariba, kafin asuba ya zube, na kai wa ɗan ƙanwata da ke gyaran waya a bakin tashar Bakori. Ya ɗan latsa, ya ɗago kai ya ce, "Kawu, wa ka aika da ƙarfe biyu da rabi na dare?"

Na ce wane irin aike, ina barci?

Sai ya juyo mini da fuskar wayar. Ga jeri nan, awa bayan awa, na duk manhajar da ta nemi sanin inda nake cikin kwana ɗaya. Guda ɗaya ce ta cika shafin: wata 'yar manhajar hasashen ruwan sama da na sauke da damina saboda masarata ta hanyar Kabomo. Mun yi girbi, mun kai buhuna kasuwa, ban sake buɗe ta ba. Ita kuwa ba ta huta ba. Ina masallaci ta tambaya, ina Funtua wajen dillalin hatsi ta tambaya, ina kwance a ɗaka ta tambaya.

Na ce ai na rufe ta! Ya yi dariya. "Kawu, share ta da yatsa ka yi, ba kashe ta ba. Ranar da ka sauke ta ka ba ta izinin koyaushe." Ni ko karantawa ban yi ba, na danna kawai.

Abin da ya fi tsinka mini zuciya shi ne GPS ba ruwansa da data. Sauraron tauraron ɗan'adam wayar take yi, manhaja ta adana, sabis ya dawo ta aika. Nan take na tuna Satumbar 2021, da gwamnatin Gwamna Masari ta sa aka datse layukan waya saboda 'yan bindiga a ƙananan hukumomi 13 har da Bakori, Funtua da Malumfashi. Muna ta yawon neman sabis, ashe wayoyin sun san inda suke.

Wa ke karɓar labarin? Masu talla, da dillalan bayanai masu saye su sayar. A 2018 kamfanin dillancin labarai na AP ya gano Google na adana wuraren mutane ko da sun kashe tarihin wuri, har a 2022 ya amince ya biya jihohin Amurka 40 dala miliyan 391.5. A Nuwambar 2020 kuma rahoton shafin labarai na Motherboard ya ce bayanan masu amfani da Muslim Pro, manhajar lokutan salla, na zuwa hannun X-Mode, mai sayar wa 'yan kwangilar sojan Amurka. Muslim Pro ta musanta sayar wa soja, ta kuma yanke hulɗa da X-Mode.

Ban ce 'yan bindiga ke sayen bayanaina ba, kada a yi mini ƙari. Amma a ƙasar da mutum ba ya faɗa wa maƙwabci ranar da zai sayar da masara, wani can ya san gonata, ya san ƙofar gidana, ya san lokacin da nake fita.

Yaron ya shiga wajen izini ya mayar da sauran manhajojin "sai lokacin amfani", zaɓin da Android ta kawo tun 2019. Ta ruwan saman na ce a goge ta gaba ɗaya. Na hau babur na koma gida a guje, na ce wa uwargida ta miƙo tata. Ta riƙe gam, wai sai na fara ba ta tawa.