Lavenham: Garin da Ulu Ya Gina, Talauci Ya Adana

A ajin tarihi mun saba da labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe, amma ba kasafai muke waiwayar 'yan kasuwa ba. To akwai wani ƙaramin gari a yankin Suffolk na Ingila, Lavenham, wanda ya kamata mu ɗalibai mu san labarinsa.

A ƙarni na 15 da farkon na 16, arzikin garin nan ulu ne, wato gashin tumaki. Attajiri zai sayi ulu, a rina shi shuɗi, mata su kaɗa zare a gidajensu, masaƙa su saƙa, shi kuma ya fitar da yadin har ƙasashen waje. Ganyen da suke rini da shi ba irin namu ba ne, amma sinadarin shuɗin da ke cikinsa ɗaya ne da na baban da ake amfani da shi a marinar Ƙofar Mata.

A lissafin harajin 1524, Lavenham ne na 14 a arziki cikin garuruwan Ingila, har ya fi babban birnin York biya. Iyalan attajiri Thomas Spring sun zuba dukiya wajen gina cocin garin, mai hasumiya ƙafa 141. Gidajen attajiran na katako ne, benen sama ya leƙo kan titi. Yawan ginshiƙan da aka jera a bango shi ke nuna nauyin aljihun mai gida. Da yake da ɗanyen katako aka yi gini, da ya bushe sai gidaje da dama suka karkace, kuma haka suke har yau.

Daga baya wasu masaƙa 'yan gudun hijira daga yankin Holan suka sauka a garin Colchester, suna saƙa yadi marar nauyi, mai araha. Kasuwa ta juya wa Lavenham baya. Jikokin attajirai ba su da kuɗin rushe tsofaffin gidaje su gina na zamani, shi ya sa gine-ginen tarihi sama da 300 suka tsira.

Mu da muka taso muna ganin rufaffun masaƙun Kano da Kaduna, labarin nan bai yi mana nisa ba. Garin da ya dogara da haja ɗaya, ranar da wani ya kawo mai araha, sai labari. Idan za mu koyi sana'a, mu haɗa da lura da inda kasuwa ta dosa.