Bikili da A-kori-kurar Kawu

Ranar Talatar da ta wuce muna wokshof, an ba mu wani tsohon inji mu kwance, hannuna duk baƙin mai, sai wayata ta yi ƙara. Kawu ne daga Funtua. Bayan mun gaisa ya ce, "'Yan gwangwan sun zo sun ga motar nan. Sun taya dubu ɗari biyu da hamsin. Na ce su dakata sai na ji ta bakinka, tunda a ciki za a cire kuɗin aikin naka na kammala karatu."

Na ce, "To Kawu, ku ba ni kwana biyu."

Duk wanda ke shekarar ƙarshe a nan ya san halin da ake ciki. An raba mu rukuni-rukuni, an yanka wa kowa abin da zai kawo na ƙarfe da walda da buga takarda, ni kuma ko rabi ban haɗa ba. Kamata ya yi in yi murna. Amma ranar ko abincin dare ban iya ci ba, abokin ɗakina har yana tambaya ko rasuwa aka yi mana.

Motar da ake magana Peugeot 504 ce, a-kori-kura, irin waɗanda kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975. Ta girme ni nesa ba kusa ba. Tun da na buɗi ido a Daudawa, cikin ƙaramar hukumar Faskari, ban taɓa ganin ta tashi da makulli ba. Kullum Kawu kan gangara yake ajiye ta, ya sa dutse a taya. Da asuba mu yaran gida mu tura, ya saki kuloci a giya ta biyu, ta yi tari sau uku ta kama. Ƙofar fasinja da igiya ake ɗaure ta. Tankin ya daɗe da hujewa, saboda haka galan ne a bayan kujera, da tiyo da ya zarce zuwa kafireto. An san garinmu da auduga tun zamanin Turawa, lokacin da suka kafa gonar iri a wurin, kuma motar Kawu ta sha kai buhunan auduga Funtua. Ta kai masara, ta kai kayan jeren amare, ta kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Amma idan kaka ta yi, aka kwashe amfanin gona, babban fasinjanta doki ne.

Bikili muke ce masa, saboda launinsa. Ba wani ingarma ba ne, dokin gida ne ɗan madaidaici da Kawu ya saya a kasuwar Sheme yana ɗan dukushi, duk haƙarƙari a waje. Da dusa da harawa da dawa da ɗan jiƙon kanwa aka tashe shi. Matar Kawu takan ce dokin nan ya fi ta gata a gidan, kuma in za a faɗi gaskiya ba ta yi ƙarya ba.

Sukuwar da nake nufi ba irin ta filin sukuwa na Kano ba ce, mai shinge da rumfar manyan baƙi. Tamu gona ce da aka girbe, samari su bi su tumɓuke tushiyar kara, su cike ramukan gafiya. A ja layi da toka. Nisa kuma, daga tsamiyar nan zuwa kukar can, a zagayo. Wani dattijo zai ɗaga hularsa, in ya sake ta ƙasa an tashi. Mahayan yara ne 'yan shekara goma sha biyu zuwa sha biyar, marasa nauyi, ba takalmi, wasu ko sirdi babu sai ɗan buhu. Kyautar kuwa turmin atamfa, ko rediyo, ko buhun taki, ranar da wani mai hali ya ji daɗi a sa rago. Ban taɓa ganin wanda ya mayar da kuɗin dawar da dokinsa ya ci ba. Kuma ban taɓa ganin an tashi ba a yi rigima kan wanda ya riga taka layi ba, don alƙalan uku ne, kowanne da dokin garinsu a ciki.

Ni dai abin da ya fi zauna mini a rai ba gudun ba ne, tafiyar ce. Gudun minti biyu ne ya ƙare. Tafiyar kuwa tun daren jiya ake fara ta.

Sa doki a bayan a-kori-kura ilimi ne mai zaman kansa. Da farko a zuba yashi a ƙasan bodin, kamar kauri yatsa huɗu, don kofato ba ya riƙe ƙarfe, in ya zame sau ɗaya to ya tsorata ke nan har abada. Kawu ya sa kafinta ya ƙara wa bodin katako ta gefe da gefe har ya kai kafaɗar doki. Ba mu da matakala, saboda haka sai a yi baya-baya da motar zuwa gaɓar wani tsohon kududdufi da ke bayan gidanmu, inda tudun ya yi daidai da bakin bodi. Kawu ya cire rawaninsa ya rufe wa Bikili ido, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin amarya, har ya taka ya shiga. Sai a ɗaure ragama ta dama da ta hagu, ba a matse ba, ba a sake ba. In ka matse, ba zai iya daidaita jikinsa da wuyansa ba a kan kwana. In ka sake, zai juyo ya ce zai dira. A tokare bayansa da sanda mai kauri. Ni wurina gaba-gaba kan damin harawa, bayana jingine da kan motar, ina riƙe da igiya, numfashinsa mai ɗumi yana sauka a wuyana cikin sanyin hunturu.

Kawu da ke tuƙi kamar an biyo shi in auduga ya ɗauko, ranar da Bikili ke baya sai ya koma wani mutum daban. Ba ya taka birki da ƙarfi, tun daga nesa yake rage giya. Kowace kwana sai ya leƙo ta taga ya ce, "Yaya mutumin?" In ce, "Lafiya lau yake, Kawu." Duk bayan ɗan lokaci mu tsaya, don lagireto na tafasa. Jarka ɗaya ce ta ruwa, kuma dokar ita ce doki ya fara sha, sannan mota, sannan mu. Dole kuma mu isa da wuri, a sauke shi a yi ta zagayawa da shi a hankali har ƙafafunsa su saki, don tsayuwar mota tana sandarar da doki. A lokacin litar fetur naira 97 ce. Da galan biyu za mu je ƙauyukan wajen Sabuwa ko Ƙanƙara mu dawo, har a sayi rake a hanya.

Sau ɗaya muka yi gangancin zuwa Zariya, ina aji shida na firamare. Bikili ya ci atamfa uku a jere a shekarar, mutane suka yi ta zuga Kawu cewa dokin nan ya wuce ƙauye. Da muka shiga filin muka ga abin da ake kira doki. Dogaye, 'yan Sudan da wasu ruwa-biyu, ana sauke su daga manyan motoci masu rufi da katifa a bango, kowanne da masu kula da shi biyu. Mu kuwa sai da muka zagaya neman tudun da za mu sauke namu, yara na bin mu suna dariya. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Cikin dawakai bakwai na ajinsa Bikili ya zo na biyar, kuma har gobe Kawu in yana ba da labarin cewa yake, "Biyu muka bari a baya."

A nan jihar ba baƙon abu ba ne doki ya zama na manya. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne ya kawo wasan folo garin nan a shekarun 1920, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya yi suna a wasan, haka shi ma Janar Hassan Usman Katsina da makarantar nan ke ɗauke da sunansa. Wannan tarihi ne da ake rubutawa, akwai hotuna da kofuna. Irin tamu sukuwar ba wanda ya rubuta, ko hoto ɗaya na Bikili ba ni da shi.

A hanyar dawowa daga Zariya, mun wuce Giwa kaɗan, lagireto ya huje. Magariba ta yi. Kawu ya aike ni wani gida na sayo ɗanyen ƙwai biyu, ya fasa ya zuba a ciki injin na aiki, yoyon ya tsaya. Na ɗauka asiri ne. Sai a shekarata ta farko a nan na gane cewa ruwan zafi ne ke dafa ƙwan, matsin ruwan ya tura shi bakin hujin ya toshe, kuma yadda ya toshe hujin haka yake toshe ƙananan bututun da ruwa ke bi, shi ya sa motar ta ƙara zafi daga baya. Duk da haka fitila ɗaya ce ke aiki, Kawu ya ce ba zai yi tafiyar dare da doki ba. Muka sauke Bikili a wata gangara, muka kafa masa turke, muka shimfiɗa buhu a gefen titi muka kwana. Masu wucewa suna yi mana sannu. Wani mai shayi ya kawo mana ruwan zafi bai karɓi ko sisi ba. Ku da kuka fito daga yankinmu, ku faɗa mini wanda zai kwana a gefen hanya yau da doki da yaro.

Kada in yi muku daɗin baki, abin yana da nasa aibin. Na ga yaron da doki ya kayar ƙashin kafaɗarsa ya karye, aka kai shi wurin mai ɗori, washegari aka ɗora ƙanensa. Ba hular kwano, ba wanda ya tambayi uwarsa. Ɗaukar doki a buɗaɗɗiyar mota ma, yanzu da na san lissafin nauyi da yadda abu mai tsawo ke rinjayar mota a kan kwana, gabana faɗuwa yake in na tuna inda nake zama. Akwai kuma shekarar da aka sayi dawar doki alhali kuɗin makarantar 'yar Kawu bai cika ba. Ita ba ta kewar Bikili ko kaɗan, ta faɗa mini da bakinta, kuma ban ga laifinta ba.

Ba rana ɗaya abin ya mutu ba. Da farko an daina zuwa ƙauyukan da ke bakin daji. Sai aka daina kaiwa la'asar. Bayan harin Kadisau a watan Yunin 2020, da kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disambar shekarar, ba mai hankalin da zai tara jama'a a fili don kallon doki. A 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama har da tamu, ta hana sayar da fetur a jarka, sannan aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13. Motar da tankinta galan ne, ku yi tunanin yadda ta ƙare. Noma ya gagara a gonakin nesa, dawar da mutum zai ci ta yi wuya balle ta doki. A cikin wannan halin Kawu ya sayar da Bikili, a gida, ga wani mai ba da hayar dawaki ga angwaye masu kilisa, a kuɗin da bai kai rabin ƙimarsa ba. Wata Kanta ce ta zo ɗaukarsa. Yaran motar suka yi ta jansa yana tirjewa, sai da Kawu ya cire rawani ya rufe masa ido ya shigar da shi da kansa, sannan ya shige gida bai jira tashinsu ba. Da wani ɓangare na kuɗin aka kama hayar ɗaki biyu a Funtua. Da sauran na yi rajistar jarrabawar fita sakandare.

Motar ta ci gaba da ɗan jigila a Funtua har zuwa 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, lita ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki. Tsohon inji mai shan mai kamar raƙumi ba zai yi gogayya da Keke Napep ba. Tun lokacin tana kan duwatsu a ƙofar gida, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Lokacin da na je hutun ƙarshe na leƙa bodin, har yanzu akwai yashi a kusurwa.

Na san lissafin. Dubu ɗari biyu da hamsin za ta biya kasona na aikin rukuni, ta rage wa Kawu kuɗin haya. An riga an sayar da doki saboda karatuna, yanzu ga mota. Kuma ko na tashe ta, ba Bikili, ba filin, ba hanyar. Abokin ɗakina, ɗan Akawu ne, ya ce mini ƙarfe ne kawai, kuma kullum ruɓewa yake, gara a sayar tun ana tayawa.

Jiya da daddare na kira Kawu. Na ce na samu aikin walda na Asabar da Lahadi a garejin da na yi koyon aiki na wata huɗu, mai garejin ya yarda zai ba ni wani abu a gaba, zan lallaɓa in biya kasona da shi. Na roƙe shi ya ce wa 'yan gwangwan su bari sai bayan jarrabawa.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai ɗan boko, batir fa babu. Tayoyin baya sun ruɓe. Kana ganin za ka iya tada ta?"

Na ce, "Ku dai nemo mana yaran da za su tura, Kawu."

Ya yi dariya har da tari, ya ce unguwar da suke yanzu ba gangara. Da safen nan na biya kasuwa na sayi filogi huɗu da kwantak da kuɗin cefanen mako, suna cikin jakata tare da takardun lakca. Kuɗin haya kuma watan gobe zai cika, kuma ba mu yi maganarsa ba.