Yadda 'Wasila' ta tashi daga Kinkinau ta sauka Zariya

Kwali uku na kaset ɗin bidiyo Hajiya ta tara tun zamanin da ake layi a shagon haya: 'Sangaya', 'Ki Yarda Da Ni', har da 'Wasila' na Yakubu Lere, wanda take ji da shi don na 'yan Kaduna ne. Da autanta ya buɗe kwalayen a gidansu na Kinkinau bayan damina, sai ya tarar danshi ya cinye kusan rabi. Allah Sarki! Ragowar ya kai aka juye masa su a tsohuwar kwamfuta, ya ɗora mata manhajar Jellyfin don kowa a gidan ya kalla ta wayarsa.

A ɗakin zaure komai lafiya lau. Amma sabis ba ya ratsa bango zuwa sashen Hajiya, don haka ya sayo rauta ta biyu, ya ja waya har can. Intanet ta kawo, finafinai kuwa ko alamarsu. Kwana uku yana fama, Hajiya na cewa, "Kai Auta, da ka bar mini bidiyona!"

Ashe kowace rauta rabon lambobinta take yi daban, tamkar masu unguwa biyu a layi ɗaya, ba wanda ya san mutanen wani. Sai ya kashe rabon lamba a ta biyun, ya cire wayar daga ramin WAN ya mayar ramin LAN. Shi ke nan fa, sai ga Ali Nuhu a talabijin ɗin Hajiya.

Saura Yaya da ke aure a Zariya. Ya buɗe ƙofa ta 8096 a rautar zaure, shiru. Dalili, layin waya yakan haɗa dubban mutane a adireshi guda, mai ƙwanƙwasawa daga waje bai san ƙofar da zai nufa ba. Tailscale ce ta raba gardama, ta haɗa wayar Yaya da kwamfutar kai-tsaye, in dai akwai wuta da data.

Abokai sun yi ca, kowa na son a sa shi. Ya ƙi, kuma ya yi daidai, don satar fasaha ba ƙaramar illa ta yi wa furodusoshi ba. Ran Juma'a da daddare Yaya ta bugo waya, ita da Hajiya suna kallon fim ɗaya, suna musun wa ya fi laifi a cikin 'Wasila'.