Shayinmu da Sodabin Maƙwabta

Ranar wata Asabar bayan sallar isha'i muna zaune a ƙofar gidan Alhaji, buta na kan gawayi, sai wani yaronmu da ke tuƙa motar wani otal na bakin teku ya zo mana da labari. Ya ce akwai wasu mutane, Turawa da 'yan ƙasa, da ke taruwa can lokaci-lokaci don ɗanɗana giya. Ana zuba wa kowa ɗan kaɗan a gindin kofi, ya karkata shi, ya shinshina, ya kurɓa, ya yi shiru, sannan gardama ta kaure. Ɗaya sunanta bourbon, ta Amurka, da masara ake yin ta, a ajiye ta a cikin sabuwar gangar itace da aka babbake cikinta. Ɗayar kuma mezcal, ta Meziko, daga gindin tsiron agave da ake gasawa a rami, shi ya sa take ƙaurin hayaƙi.

Muka yi ta dariya, muna cewa rashin aikin yi ne. Ana cikin haka aka miƙa wa Alhaji kofin farko. Ya ɗaga shi saitin fitila, ya dubi kumfar, ya shinshina, ya kurɓa, ya yi jim, ya ce an bar ganyen ya daɗe a wuta. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ku gafarce ni, ai abin da suke yi ke nan."

Alhaji ya murmusa. "Gaskiyarka, ɗana. Sai dai namu in ka sha ka tashi, ka san hanyar gida, ka san alƙibla."

Maganar ta tsaya mana a rai, domin mu mutanen Zongo mun daɗe muna zaune a tsakiyar masu sha. Fataucin goro ne ya gangaro da kakanninmu kudu, kuma bayan yaƙin Salaga na 1892 da yawa suka watsu zuwa Kete-Karachi da garuruwan bakin teku. Da Jamusawa suka mai da Lome hedkwatarsu a 1897, Zongo ya bunƙasa tare da garin. A 1977 aka rushe tsohon Zongo na tsakiyar birni, aka kwaso mu zuwa nan arewa, wajen Aguwe, a bakin babbar hanyar da ta nufi Burkina Faso. Gidaje sun rushe, amma buta da huhun goro sun biyo mu.

Maƙwabtanmu Ewe da Mina suna da sodabi, wanda ake tatsowa daga bammin kwakwar manja, ɗan'uwan abin da mutanen Gana ke kira akpeteshie, na Nijeriya kuma ogogoro. 'Yan arewacin Togo suna da cukutu na dawa, wato burukutunmu na da. A wurinsu ba a neman aure, ba a zaman makoki, ba a sulhunta masu faɗa sai an kawo kwalba, an zuba wa magabata nasu a ƙasa kafin mai rai ya kurɓa. Su ma suna da gwanayensu, masu girgiza kwalba su dubi ƙwayoyin kumfa, su gaya maka wane ƙauye aka dafa shi, da wace saiwa aka jiƙa a ciki.

Iyayenmu sun san yadda ake ƙin kofi ba tare da an ƙi mai kofin ba. Mun ga haka a makokin wani dattijon Ewe da ya shekara talatin yana sayen shanu a hannun mutanenmu. Aka tarbe mu da ruwa kamar yadda al'adarsu take, muka sha. Da tiren sodabi ya zagayo, babbanmu ya dafa ƙirji, ya ɗan rusuna, ya ce ruwan gidan ya wadatar da mu, ya fito da goro fari ƙal ya ajiye a gaban babban ɗan mamacin. Ba wanda ya ɓata rai. Bayan mako biyu ɗan ya zo godiya, ya zauna a majalisarmu har kofi na uku, ya ce na farkon ya fi sodabinsu faɗa.

Shi kuwa shayin nan, wanda wasunmu ke kira ataya, sana'a ce mai ƙa'ida. Ganyen kore ne daga Sin, a naɗe ƙanana kamar harsashin bindigar toka. Ana ɗauraye shi a zubar da ruwan farko, a mai da buta kan gawayin da ya huce harshensa. Mai dafawa yana tsiyayawa daga sama, daga buta zuwa kofi, daga kofi zuwa buta, har kumfa ta tsaya cak. Zagayen farko ɗaci, na biyu na'ana'a ta shigo, na uku zaƙi zalla, wanda yara ke laɓewa suna jira. Sa'o'i biyu ke nan sun tafi, kuma a cikinsu ake jin farashin raguna, a san wa ke kwance a asibiti, a ɗaura zaren aure, a kashe rigimar bashi.

Abin da ya kamata mu ji tsoro yana cikin unguwarmu. Giyar leda ce, 'yar ƙarama mai arha, wadda gwamnati ta hana a 2019 amma ba ta ɓace daga aljihun samari ba. Masu kabu-kabu suna tsotse ta a bayan shago cikin minti ɗaya, su tauna citta don kashe wari. Babu zama, babu hira, babu babban da zai ce ya isa. Maƙwabcinmu mai sodabi aƙalla yana sha a gaban danginsa. Namu yaron yana sha shi kaɗai da kunyarsa.

Bara aka tsinci ɗayansu kwance kusa da babur ɗinsa da asuba, masu zuwa masallaci suka ɗauke shi. Mahaifinsa ya yi wata guda bai fito majalisa ba. Wasu suka ce a kore shi daga unguwa, wasu suka ce a yi masa bulala. Da muka tambayi kanmu yaushe rabon da wani saurayi ya zauna a tabarmarmu ba aike aka yi masa ba, sai kowa ya dubi ƙasa. Mun hana su abin da addini ya hana, haka ne, amma ba mu buɗe musu wurin zama ba.

Alhaji ne ya aika aka kira yaron. Bai yi masa wa'azi ba. Ya tura masa mafici da buta ya ce, "Daga yau kai ne mai shayin gidan nan. In ka makara, tsofaffi takwas za su kwana da ciwon kai." Makon farko ya ƙona mana ganye, na biyu ya cika sukari. Ba za mu ce ya rabu da abin gaba ɗaya ba, sanin zuciya sai Allah. Abin da idonmu ya gani shi ne, kullum bayan isha'i yana nan yana fifita wuta, abokansa biyu sun fara zama a gefen tabarma, mahaifinsa kuma ya dawo mazauninsa.

Daren jiya Alhaji ya ɗaga kofin yaron saitin fitila, ya shinshina, ya kurɓa, ya yi shiru. Duk muka zuba masa ido. Ya ce, "To, a ƙaro."

Allah ya shirya mana zuriyarmu, ya bar mu lafiya da maƙwabtanmu.