Abin da dillalin tumatir ya koya mini game da tikitin jirgi

'Yar'uwa, ƙila ki ce me ya haɗa ma'aikaciyar jinya daga Makarfi da zancen kamfanonin jiragen sama. Ni ma haka na ɗauka a watan Fabrairun 2017, lokacin da na ji a rediyo cewa AMCON, hukumar da ke karɓar basussukan da suka gagari bankuna, ta karɓe ragamar Arik Air saboda bashi ya yi masa katutu. Ina ɗaura wa wata baiwar Allah ƙarin ruwa, ko kai ban ɗaga ba. Jirgi ai na manya ne.

Yayana ne ya damu. Dillalin tumatir ne, yana saye a Hunkuyi da Ikara, ya loda mota zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, shi kuma ya bi jirgi daga Kano ya tari kayansa. Ya ce mini, "Ƙanwata, Arik ne mafi girma a ƙasar nan, kuma bara hukumar nan ta karɓi Aero Contractors. Idan masu saye goma suka shigo Kudan, manomi ke yanka farashi. Idan mutum ɗaya ne, abin da ya bayar shi za a karɓa. A jirgi mu ne manoman." Na yi dariya, na ce Yaya komai sai ya mai da shi tumatir.

Ba a jima ba Arik ya dakatar da zuwa Landan da Johannesburg. Ni dai ban ga abin da ya shafe ni ba.

Sai a 2022 na gane karatun. Likita ya saurari ƙirjin 'yata mai shekara huɗu, ya ce sai mun kai ta Legas wurin ƙwararren likitan zuciya, aka ba mu rana. Na sha gaya wa iyaye su kwantar da hankali, amma ranar ƙafafuna suka kasa ɗaukata. Yarinyar da ke haki daga ɗaki zuwa tsakar gida ba za ta jure wuni da kwana a mota ba. Ga tsoron hanya, don a ƙarshen Maris ɗin shekarar aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari.

Na buɗe waya ina duba farashi. Tun a Fabrairu kamfanoni suka mai da mafi ƙarancin tikiti naira dubu 50, kusan lokaci guda, har hukumar kare masu saye ta FCCPC ta shiga maganar. Mafi ƙarancin albashi a lokacin dubu 30 ne. Na duba wannan, na duba wancan, duk kanwar ja ce.

Yaya ya ce kada in damu, yana da makin da ya tara shekara da shekaru a wani kamfani, wanda ba zan ambata ba. Irin makin nan ne da ake ba mai yawan tafiya, in ya taru ya karɓi tikiti kyauta. Da muka kira, aka ce babu kujerar maki a ranar da muke so, sai bayan mako uku. Ciwo kuwa ba ya jira. Na kwashi adashena tun kafin lokacina, na sayar da 'yan kunnen aurena, muka tafi. Alhamdu lillahi, tana nan tana tsalle-tsalle, magani kawai take sha.

Ba zan ɗora komai kan karɓe Arik ba. Man jirgi ya yi tsada, dala ta hau, kuma da an bar kamfanin ya rushe, da ma'aikata da yawa sun rasa abinci. Amma duk lokacin da babban kamfani ya raunana, ko biyu suka koma hannu ɗaya, zaɓinmu ne ke raguwa. Mai tafiyar shaƙatawa zai ɗaga tafiyarsa. Mai jinya da mai zuwa gaisuwar mutuwa su ke biya ko nawa ne. Shi ya sa a Amurka, a Janairun 2024, kotu ta hana JetBlue sayen Spirit, kamfanin da masu ƙaramin ƙarfi ke hawa. Mu ma mun ga amfanin gasa: da Air Peace ya fara zuwa Landan a Maris 2024, sai ga kamfanonin waje suna sauke farashi.

Don haka, Uwargida, idan Maigida yana tara maki, ki ce ya riƙa kashewa. Maki alkawari ne, kuma mai alkawarin yana iya canza sharaɗi ko ya canza hannu. Idan tafiyar asibiti ce, ku sayi tikiti ranar da aka ba ku rana, ku duba Kano da Kaduna duka. Ki adana rasit da saƙon waya. In aka soke tafiya aka riƙe kuɗinku, hukumar NCAA na karɓar koke.

Yaya har yau yana tsokanata: "Malama nas, yanzu kin yarda da tumatir?" Na yarda. 'Yan kunnen kuwa har yanzu ban mayar ba.